Kaskon Kaka Kaltumi a Cikin Firij

Tun da aka ce Ajimi ne zai zo haɗa sabon firij, Safinatu take sharar bakin shagon nan, har simintin ya fara ƙyalli. Shara dai ake cewa, amma idonta yana kan titi, duk keken da ya rage gudu sai gabanta ya faɗi.

Kaka Kaltumi, mahaifiyar babanta, tana zaune a tabarma tana goge ƙoren nononta. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Ki bar mana ƙasar da za mu taka, 'yar nan. Mai sanyin naki ba ta cikin tsintsiya zai fito ba."

"Kai Kaka, ni wa na ce ina jira?"

"Ba ki ce ba. Ke dama yaushe kika taɓa cewa?"

Gaskiyar tsohuwa ce. Safinatu irin mutanen nan ce da ciwo zai ci su ya cinye ba su buɗe baki ba, kuma wannan halin ne ya ja mata. Ajimi ɗan unguwar Mafoni ya fara shiga gidansu na unguwar Umarari ne don gyaran tsohuwar firiza. Firiza ta tashi, zuciyar 'yar masu gida ta kwanta. Da maganar ta kai kunnen Abbanta, Alhaji Abakar, wanda ya taso a bayan shanu kafin zaman daji ya gagara ya dawo birni, sai ya kira ta ya zaunar.

"Ba zan miki dole ba, Safina," ya ce mata. "Ban ga laifin addininsa ba, ban ga laifin gidansu ba. Amma yaron nan ko akuya bai taɓa kiwo ba. Dabba ba ta nuna maka inda ke mata ciwo, kai ne za ka gane. Ke ma haka kike, ba kya faɗa. Ba zan ba da ke ga wanda sai an gaya masa ba. Ga Habib ɗan aminina, a cikin garke aka haife shi. Ranar Juma'a in mun buɗe shago iyayensa za su zo jin amsa. In kin ce ba kya so, in sallame su da girma. Amma mai sukudireban nan, ki cire shi a ranki."

Yau kuwa Alhamis. Kuma da yake Allah ba ya barin bawa haka nan, dillalin da ya sayar wa Abba firij ya rantse ba wanda zai taɓa masa kaya sai Ajimi.

Shagon na Kaka ne, a bakin Kasuwar Litinin. Kindirmonta ya yi suna a Umarari har mutane suna layi a zaure, shi ne Abba ya kama mata wuri, ya sayo ƙaton firij mai ƙofar gilashi, irin wanda mai wucewa zai hango kaya daga titi.

Motar Habib ce ta fara isowa, Abba a gaba, firij a baya yana kwance a kan katifa. Habib ya fito cikin shadda yana ƙamshi, yana ba 'yan dako umarni da makullin mota. Ba mugun mutum ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Shi dai bakinsa ne ke riga kansa isa wuri.

Can sai ga keke ya tsaya. Ajimi ya sauko da jakar kayan aiki a kafaɗa, ga wata hular Bama sabuwa fil a kansa. Wa ke zuwa haɗa firij da hular Bama? Safinatu ta sunkuyar da kai tana danne murmushi, don ta san ba firij aka yi wa kwalliyar ba.

Ya durƙusa ya yi gaisuwa da yaren garin. "Wushe, Baba Alhaji. An tashi lafiya?"

"Kalewa, lafiya lau," in ji Abba a taƙaice, yana kallon wani wuri.

Aka ɗaga firij aka tsayar. Habib ya tafa hannu. "To malam, jona mana mu ga fitila. Na gaya wa abokaina su biyo su sha kallo."

"A kwance ya zo?" Ajimi ya tambaya.

"Tun daga Kano. Ni na riƙe sitiyari da kaina."

"Sannu da ƙoƙari. Amma sai ya kwana a tsaye kafin a ba shi wuta. Akwai mai a cikin injinsa, in an kwantar da shi sai man ya gangara cikin bututu. In aka kunna bai koma mazauninsa ba, injin ne zai ƙone."

"Sabon abu dal?"

"Sabo ne, amma ya sha hanya."

Abba ya gyaɗa kai a hankali. "Saniya ma in ta sha tafiya, ba a tatsarta a ranar." Sai da maganar ta fita ya tuna da wanda ya goya wa baya, nan take ya haɗe rai ya shiga duba wayarsa.

Habib ya so a kafa firij a bakin ƙofa. Ajimi ya nuna masa inda ranar la'asar ke faɗowa, ya ce gilashi da rana ba sa shiri, injin zai yi ta wahala nono kuma ya yi tsami. Aka matsar da shi ciki, gefen inuwa. 'Yan dako suka manna shi da bango don a sami fili, Ajimi ya sa aka janyo shi gaba, ya ce ta baya yake fitar da zafi, in aka toshe shi numfashinsa zai sarƙe. Ya ƙi dogon soket ɗin da Habib ya ciro daga mota, ya ja wa firij wayarsa shi kaɗai, ya haɗa ta da sitabilaiza mai daidaita ƙarfin wuta saboda halin wutarmu, ya fita bayan shago ya binne ƙarfen da ke hana jikin firij jan mutum.

Sannan ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba, "Ko za a taimaka mini da ruwa a kofin gilashi?"

Safinatu ta kawo. Bai sha ba. Ya ɗora kofin a kan shantar tsakiya, inda ake jera kaya a cikin firij, ya tsuguna yana murɗa ƙafafun firij ɗaya bayan ɗaya, yana leƙen ruwan har ya daidaita a cikin kofi.

"In ya karkace, ƙofa ba ta rufuwa da kyau," ya ce, wai da Abba yake.

Kaka ta ce, "Ni na ɗauka ƙishi yake ji. Ashe ƙarfen ma ba ya son a karkata masa."

Aka kira azahar. Abba da Habib suka yi gaba. Ajimi ya zagaya bayan shago yin alwala, sai ga buta an miƙo masa.

"Ya Ajimi."

"Safina. Kin rame."

Shi ke nan, abin da ta riƙe tun safe ya ɓalle. Hawaye ya shiga zuba, tana sharewa da gefen mayafi yana ƙara zuwa.

"Gobe ne fa. Zan ce ba na son Habib, wannan na iya. Amma daga nan sai me? Abba ya ce in cire ka. Ta yaya ake cire mutum? Ni ban iya ba."

"Kada ki yi jayayya da shi saboda ni."

"To in yi yaya? In zauna ina sayar da nono a cikin firij ɗin da ka haɗa, kullum ina kallonsa, kai kuma ko hanyar ba ka bi?"

Ya ajiye butar. "Abbanki ba ƙina yake yi ba, tsoro yake ji. Ya san ba kya ƙorafi, yana gudun ki shiga inda za a bar ki da shirunki. Da ƙanwata ce, ni ma haka zan yi."

"Kai ma ka koma bayansa ke nan."

"Ina bayanki. Na yi tunanin in je kasuwar dabbobi in sayo akuya in zo ina janta a ƙofar gidanku, amma na san ita za ta ja ni."

Ta fashe da dariya a tsakiyar kuka, har ta shaƙe. Ya ce ta wanke fuska kada Kaka ta gani, ya wuce masallaci. Ita ma ta shiga shagon maƙwabciyarsu mai atamfa ta yi salla, daga nan ta tsallaka sayo abinci.

Aka bar Kaka ita kaɗai da firij.

Tsohuwa ta idar da sallarta, ta tashi ta buɗe ƙofar gilashin, ta sa hanci. Warin sabuwar roba ya buge ta. Ta ja baya tana salati. Tun tana yarinya a ruga ba ta taɓa zuba nono a ƙwaryar da ba a turara ba, da hayaƙin icen da uwarta ta nuna mata, wanda ke kashe wari ya bar ɗanɗanon nan da mutanen Umarari ke layi a kansa. Yanzu kuma a ce ta zuba nononta a cikin wannan? Ta leƙa wurin mai shayi ta samo garwashi a kaskonta, ta karya icen a kai, ta ɗora kaskon a shantar ƙasa, ta rufe ƙofa don hayaƙi ya kama sosai. Ta koma tabarmarta ranta fari tas.

Tare suka dawo, maza daga masallaci, Safinatu da kwanukan abinci. Gilashin firij ya koma fari fat, ba a ganin komai a ciki sai wani jan ido a ƙasa.

"Kowa ya fita waje!" in ji Ajimi.

Ya fizge ƙofar, hayaƙi ya yo kansa. Ya duba hagu da dama babu tsumma, sai ya cire hular Bamar nan ya naɗe kaskon da ita, ya fito da gudu ya dire shi can a tsakiyar fili. Hula ta kama, ya take ta da takalmi. Yatsunsa biyu sun ƙone sun tashi.

Ya koma ciki yana tari, ya buɗe tagogi, ya kaɗa ruwan sabulu ya shafa a kan bututun firij yana duban ko zai yi kumfa. Sai da ya bi su kaf sannan ya sauke ajiyar zuciya. "Alhamdu lillahi, bai huje ba. Gas ɗin cikin irin waɗannan yana kama wuta. Shanta ɗaya ce ta narke, ina da wata a gida."

A nan ne Habib ya gane abin da ya faru, dariya ta kama shi har yana riƙe ciki. Ya ciro waya ya ɗaga. "Wallahi sai na ɗauki wannan. Kaka ta yi wa firij turare. Kaka, nan birni ne fa, an bar ruga tun tuni."

'Yan dako suka taya shi. Mai shayi ma ya leƙo.

Kaka ta juya musu baya. Ta jawo ƙorenta ta fara jera su cikin juna, ƙarama a cikin babba, ta ɗaure da zane. Abba ya tsaya yana kallon mahaifiyarsa, fuskarsa ta yi nauyi, ya san ɗaurin nan. Haka ta ɗaure su ranar da suka baro ruga, kuma ba ta sake komawa ba.

Ajimi ya taka ya tsaya tsakanin wayar da tsohuwa, kai babu hula. "Malam Habib, don Allah ajiye." A hankali ya faɗa, amma wayar ta sauka.

Ya juya ya durƙusa a bakin tabarma.

"Kaka, ina za ki da su?"

"Gida. Ku zuba naku nonon na roba. Na tsufa da abin dariya."

"Ni ma na ji warin nan tun da safe, na yi shiru, laifina ne. Kin fi mu hanci, nono kuwa yana ɗaukar wari. Shi dai wannan ba ya jure wuta, amma ba a ce ki bar hayaƙinki ba. Yau zan wanke cikinsa da ruwan ɗumi, mu bar ƙofar a buɗe ya sha iska har gobe. Ke kuma ki turara ƙorenki a gida yadda kika saba, su huce, ki zuba nono ki rufe. Shi aikinsa sanyi kawai. Ɗanɗanon naki ne, in babu shi me za mu sa a ciki?"

Kaka ta dube shi ta gefen ido. "Ƙwarya za ta zauna a cikin wannan abin?"

"Za ta zauna, in dai an bar wa iska hanya a tsakaninsu. Mai wucewa ya hango ƙwarya a bayan gilashi, ai ya san ba na kamfani ba ne."

Can ta kama hannunsa ta juya. "Dubi yatsu. Safina, miƙo man shanu."

"Ruwan sanyi tukuna, Kaka."

"Ji shi, har ƙunar ma sai ya koya mini." Amma ta bari aka zuba ruwan, ita ta riƙe butar da kanta, ɗayan hannun kuma yana kwance ɗaurin zanen.

Habib ya matso yana sosa ƙeya, ya ba Kaka haƙuri, ya nuna wa Abba ya goge abin da ya ɗauka. Abba ya ce ba komai. Da aka tashi, ko sallamar Ajimi da hannu ya amsa. Safinatu ta koma gida ba ta san ko murna za ta yi ko kuka ba.

Safiyar Juma'a Ajimi ya zo da sabuwar shanta a hammata, yatsu a naɗe, kansa da tsohuwar hana-sallarsa ta aiki. Ya sa hanci a cikin firij, ya kira Kaka ita ma ta sa. Ta shaƙa, ta taɓe baki, ta ce da dama.

Ya yi bisimilla ya ba shi wuta. Fitila ta kama, injin ya ɗauki wani siririn gurnani. Ya hana a sa komai sai sanyi ya kama, ya yi amfani da jiran ya nuna wa Safinatu aikinta, a gaban Abba, da murya irin ta malamin makaranta. Ta riƙa duban lambar sanyi safe da yamma. Ta zare fulogi kafin ta goge ƙurar ragar baya da burushi. Ta zubar da ruwan da ke taruwa a tiren ƙasa. In ƙanƙara ta kama, ta kashe ta bar ta ta narke, kada ta kuskura ta sa wuƙa. Ita kuwa sai "to" take cewa, rabin maganar ma ba ta shiga ba.

Sannan ya tsuguna ya manna kunnensa a jikin firij, ya lumshe ido.

Abba ya matso. "Me kake saurare?"

"Lafiyarsa, Baba Alhaji. In wani abu na damunsa, muryarsa ce ke fara canzawa, tun kafin nono ya nuna."

Abba ya tattare babbar rigarsa, ya tsuguna a ɗaya gefen, shi ma ya kara kunne. Dattijo da saurayi, firij a tsakaninsu. Kaka ta zunguri Safinatu da gwiwar hannu.

"Tuƙa yake yi," in ji Abba bayan ɗan lokaci. "Lafiyarsa ƙalau."

Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. Kaka ta fara jera ƙorenta a bayan gilashi, Ajimi yana gyara mata tazara, ƙamshin hayaƙin icen nan yana tashi kaɗan kaɗan. Kafin a gama har mutane sun fara tsayawa a titi.

"Safina," Abba ya kira ta. "Jiya bayan magariba na je gidan su Habib. Na ce kada su wahalar da kansu yau."

Ta ɗago ta dube shi.

Bai ƙara mata bayani ba, ya juya ga Ajimi yana nuna mahaifiyarsa. "Jiya Ammi ba ta faɗa maka inda ke mata ciwo ba, amma ka gane. Ni da ta haifa ina tsaye ina neman abin faɗa, kai ka riga ni." Ya dubi hana-sallar nan ya yamutsa fuska. "Cire wannan abin."

Ajimi ya cire da sauri. Abba ya sa hannu a aljihun babbar riga ya fito da hular Bama sabuwa, ya ɗora masa a ka da hannunsa, ya danna ta ta zauna.

"Ba na son surukina yana yawo a kasuwa kamar ɗan ƙwallo. Ka ce wa magabatanka ina gida bayan la'asar."

Safinatu ta rufe fuska da mayafi ta ruga bayan firij, ta shige ratar nan ta jikin bango, tana kuka tana dariya, daɗi kamar ya kashe ta.

Kaka ta leƙa ta. "Fito daga nan, 'yar nan. Mijinki ya ce ta nan yake numfashi."